Makarantar da Word ya kulle mata takardu ana saura mako guda jarrabawa

Yadda wurin yake

Makaranta ce mai zaman kanta a wani gari na Arewacin Najeriya, firamare da sakandare, ga kuma sashen Islamiyya da yamma. Ɗalibai 420 ne a aji 15. Kwamfutocinta 14: goma a ɗakin koyon kwamfuta, sai ɗaya a ofishin firinsifal, ɗaya wajen ma'aji, ɗaya wajen mai buga takardu, ɗaya a ofishin jarrabawa. Duk kwance aka sayo su, yawancinsu RAM ɗinsu gigabait 4 ne. Sha biyu na kan Windows 10, biyu daga cikin na ɗalibai na kan Windows 7. Intanet na makarantar bai wuce ɗan mudem guda da ake sa wa data duk wata ba, wuta kuma sai ranar da aka kawo, ko a tayar da janareta.

Microsoft Office 2016, wato kunshin Word da Excel, ne a kan kwamfuta 13, Office 2021 a ta ofishin jarrabawa. Babu ko ɗaya mai lasisi. Mai gyaran kwamfutar da ya saita su shi ya ɗora, tare da wata ƙaramar manhaja da ke yaudarar Office ta nuna masa kamar an biya. Irin wannan kunnawar kwana 180 take yi, sai a sabunta ta, kuma manhajar ce ke sabuntawa a ɓoye. Manhajar kariya ta Windows tana ɗaukarta abu mai cutarwa tana gogewa, don haka mai gyara ya kashe kariyar a duk kwamfutocin. Mai makarantar bai san da wannan ba. A saninsa Word da Excel tare suke zuwa da kwamfuta, kamar yadda allon rubutu ke zuwa da ita.

Nuwamba 2024: ranar da abin ya tsaya

Ana saura mako guda a fara jarrabawar zangon farko, bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli a filashi ya mayar da su gajerun hanyoyi ya shiga kwamfutar mai buga takardu. Wani malami ya kunna kariyar Windows don ya wanke ta. Ta wanku, amma kariyar ta tafi da manhajar yaudarar. Ba a jima ba Word ya fara nuna jan layi a sama cewa ba shi da lasisi, daga baya ya koma yanayin da za a buɗe takarda a karanta a buga, amma ba a gyara ko harafi ɗaya. Tambayoyin darussa tara ba a gama bugawa ba.

Aka kira mai gyara, ya sake kashe kariyar ya sake ɗora manhajar, aka yi jarrabawa. A zaman da aka yi bayan an tashi hutu ne mai makarantar ya ce ba zai ci gaba da zama tsakanin bairos da kulle takarda ba, a samo masa farashin na gaskiya.

Disamba 2024: lissafin saye

Office Home & Business 2024, wanda ake saya sau ɗaya don kwamfuta ɗaya, dala 249.99 ne a lokacin. Akwai na dala 149.99, amma lasisinsa na amfanin gida ne, bai halatta wa wurin da ke harkar kuɗi ba. Kwamfuta 14 ke nan kusan dala 3,500. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460, kuma a lokacin wannan lissafi ta haura 1,500. Kuɗin ya wuce naira miliyan biyar, ya fi abin da aka kashe wajen sayen kwamfutocin kansu. Biyan haya duk shekara ta Microsoft 365 ma aka duba aka ajiye, domin kuɗi ne da zai riƙa dawowa, kuma yana bin dala.

Janairu 2025: gwajin manhajojin intanet

Abu na farko da aka gwada shi ne Word da Excel na cikin burauza, waɗanda kyauta ne ga mai asusun Microsoft, da wurin ajiya gigabait 5. Akwai kuma tsarin A1 na makarantu, shi ma kyauta, sai dai yana buƙatar makaranta ta mallaki adireshin intanet nata a tantance ta, kuma shi ma a burauza yake aiki. Aka haɗa da Google Docs da Sheets, masu gigabait 15.

Mako uku aka yi. Takardu suna buɗewa da kyau, musamman a na Microsoft. Abin da ya kashe gwajin biyu ne. Kwamfuta goma na ɗalibai ba sa iya hawa mudem ɗaya a lokaci guda, darasin minti 40 sai ya ƙare ana jiran shafi ya buɗe. Na biyu, babban fayil ɗin sakamako na ofishin jarrabawa yana da makiro, wato ɗan shirin da aka rubuta da harshen VBA wanda ke fitar da katin kowane ɗalibi in an danna maɓalli. Excel na burauza ba ya gudanar da VBA, Sheets ma haka. Google Docs na iya aiki ba intanet in an saita shi a Chrome, amma sai fayil ya riga ya sauka a wannan kwamfutar a ƙarƙashin asusun mai shi, abin da bai dace da kwamfutar da mutum goma ke hawa ba.

Fabrairu zuwa Maris 2025: ɗora ka gani

Daga nan kowa ya kawo abin da ya sani. Ma'aji ya ɗora WPS Office na kamfanin Kingsoft, don ya saba da shi a waya. Fuskarsa ta yi kama da Office sosai, takardu ba su karkace ba. Amma na kyautar yana fito da talla da tayin a sayi babban zubi, kuma bai zo da VBA ba. Firinsifal ya ƙi a sa shi gaban ɗalibai saboda tallan.

Wani malami ya sauko da Apache OpenOffice, don sunan ne ya taɓa ji. Yana buɗe docx, wato tsarin fayil na Word, amma ba ya iya ajiye takarda a docx. Mai buga takardu ta yi kwana biyu tana tura wa malamai fayilolin odt, tsarin OpenOffice ɗin kansa, da wayoyin wasunsu suka kasa buɗewa yadda ya kamata. Mutane da yawa suna faɗawa wannan rami saboda tarihi: asalin manhajar OpenOffice.org ce, da Oracle ya sayi kamfanin Sun mai ita a 2010 sai akasarin masu aikinta suka ware suka kafa The Document Foundation, suka ci gaba da sunan LibreOffice. Can aikin ya koma. Apache OpenOffice bai fitar da babban zubi ba tun 4.1 na 2014, sai ƙananan gyare-gyare.

Mai gyara ya zo da LibreOffice 7.6 a filashinsa ya ɗora a ofishin jarrabawa. Fayil ɗin sakamako ya buɗe, maki da matsayi duk suna nan, aka yi murna. Washegari jami'in jarrabawa ya gyara makin ɗalibi ɗaya, gidan da ke nuna matakin maki, kamar A1 ko C6, ya koma alamar kuskure ta #NAME?. Dalili shi ne Calc, takwaran Excel a LibreOffice, ba ya sake lissafa fayil ɗin Excel in an buɗe shi, tsoffin amsoshin da Excel ya ajiye yake nunawa. Fomular gidan XLOOKUP ce, LibreOffice kuwa bai san ta ba sai daga zubin 24.8 na Agustan 2024. Maɓallin fitar da kati ma ya ƙi motsi. Zangon na biyu da Office na sata aka fitar da sakamakonsa, malamai kuma suka tsaya a kan cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.

Afrilu 2025: ƙidayar fayiloli

A hutun wannan zango malamin kwamfuta ya karɓi aikin, ya fara ta wani wuri dabam. Bai ɗora komai ba sai da ya tattara fayilolin ofisoshi huɗu a faifai guda, ya ware su ta nau'i. Sun kai 1,100: kusan 900 na Word, 150 na Excel, sauran PowerPoint da Publisher. A cikin na Excel guda ɗaya kacal ke da makiro, wato na sakamako. Ya zaɓi 40 da suka fi wahala, masu tebur da hoto da Larabci da lissafi, ya buɗe kowanne a LibreOffice 25.2 da kuma ONLYOFFICE Desktop Editors, ya buga shafin farko ya ɗora a kan tsohon bugun. A kowane fayil ɗin lissafi yana danna Ctrl+Shift+F9, wanda ke tilasta wa Calc sake lissafa komai, don kada abin Maris ya maimaitu.

Cikin 40, guda 27 sun fito daidai a LibreOffice. Sauran 13 matsalarsu iri huɗu ce.

Biyar takardu ne da aka daidaita da dannan sarari da Enter. Mai bugawa tana tura "[5 marks]" zuwa gefen dama da sarari talatin, tana tura sashe na biyu zuwa sabon shafi da Enter goma sha biyu. Ƙaramin bambanci a faɗin harafi ya isa ya rushe wannan, ko tsakanin zubin Word biyu ma yana rushewa. Maganinsa tebur marar layi ko tsayawar Tab ta dama, da Ctrl+Enter don sabon shafi.

Biyu an rubuta su da salon haruffan Aptos, wanda sabon Office ya mayar na asali. Calibri da Cambria da Times New Roman tare da Windows suke zuwa, suna nan ko an cire Office. Aptos ba ya cikinsu, sai LibreOffice ya maye gurbinsa da wani, layuka su zame. Aka mayar da su Calibri.

Biyu na Islamiyya ne, Larabcin ya jingina hagu, alamomin tsayawa sun koma gefen da ba nasu ba. Ana kunna rubutun dama zuwa hagu a Tools, Options, Languages and Locales, General, a sa alama a Complex text layout a zaɓi Larabci. Daga nan maɓallan juya sakin layi suke fitowa. LibreOffice yana zuwa da salon Amiri, wanda ke ɗaukar wasulan Larabci da kyau.

Huɗu na darasin Hausa ne, kuma su suka fi cin lokaci. An buga su da tsohon salon haruffan Hausa na kafin Unicode (tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a duk na'urori), wanda ke ɗora haruffa masu lanƙwasa a kan maɓallan baka. In salon ba ya kan kwamfuta, "ƙasa" sai ta fito "}asa", "ɗaya" ta fito "]aya", "ɓera" ta fito "~era". Wannan ba laifin LibreOffice ba ne, domin a fayil ɗin bakan ne ke rubuce tun asali, kuma haka yake fitowa a wayar duk wanda aka tura wa. Aka gyara da Find and Replace sau shida: } zuwa ƙ, { zuwa Ƙ, ] zuwa ɗ, [ zuwa Ɗ, ~ zuwa ɓ, | zuwa Ɓ. Abu biyu ake kiyayewa. A tabbata babu alama a Regular expressions, domin waɗannan alamomin suna da wata ma'ana a can. Kuma kada a yi wa takardar da ke da baka ta gaskiya Replace All, kamar mai "[5 marks]", sai a zaɓi sashen Hausar kaɗai a sa Current selection only. Don sabon rubutu aka ƙara allon rubutu na Hausa na Windows, inda Alt na dama tare da k ko d ko b ke ba da harafin. Wanda bai da allon zai iya rubuta U+0199 ya danna Alt+X ya samu ƙ, U+0257 ya ba shi ɗ, U+0253 ya ba shi ɓ. Ga littattafan 'yan firamare aka ɗora salon haruffan Andika da Charis SIL, waɗanda kyauta ne kuma suna da haruffan duka.

ONLYOFFICE ya ɗan fi riƙe siffar wasu docx masu akwatunan rubutu, don docx ne tsarinsa na asali. Amma makironsa na JavaScript ne, kuma ya fi nauyi a kan tsofaffin kwamfutocin. Aka zaɓi LibreOffice, aka bar ONLYOFFICE a kwamfutar mai buga takardu don wasiƙun da ke zuwa daga waje.

Ƙarshen Afrilu 2025: ɗorawa da saiti

Sau ɗaya aka sauke fayil ɗin ɗorawa daga shafin LibreOffice kansa, wajen megabait 350, tare da fayil ɗin taimako mai aiki ba intanet, aka zagaya da su a filashi. A kowace kwamfuta an cire manhajar yaudarar, an kunna kariyar Windows, an bar ta ta wanke faifai kafin a ɗora komai.

Saiti biyar aka yi wa kowacce, minti goma ke nan. A Load/Save, General, aka sa Always save as ya zama docx ga takarda, xlsx ga lissafi, pptx ga majigi, aka cire gargaɗin da ke tambaya duk lokacin ajiya. A nan kuma aka mayar da AutoRecovery, mai ajiye kwafin ceto da kansa, minti uku saboda ɗaukewar wuta. Aka mayar da Locale setting zuwa Ingilishin Birtaniya, don takarda ta zama A4 kuma kwanan wata ya fara da rana. In an bar shi a na Amurka, 03/04 sai ya zama huɗu ga Maris a littafin ma'aji. A View, User Interface, aka zaɓi Tabbed, wanda ya fi kama da abin da ido ya saba gani a Word. Sannan aka nuna wa masu rubuta Hausa Shift+F7, mai kashe jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalma. Doka ɗaya aka kafa: duk abin da zai fita zuwa ga iyaye ko mai ɗab'i, a fitar da shi PDF.

Mayu zuwa Yuli 2025: fayil ɗin sakamako

LibreOffice yana gudanar da wani ɓangare na VBA in an sassauta tsaron makiro, kuma an gwada. Lissafin ya tafi, amma tagar da ke tambayar aji da lambar ɗalibi ta ƙi fitowa daidai. Wanda ya rubuta makiron ya bar makarantar shekaru uku da suka wuce. Maimakon a yi ta faci, aka duba me fayil ɗin da makironsa suke yi. Abu uku ne: ba da matakin maki, liƙa st ko nd ko th a bayan matsayi, da cika katin kowane ɗalibi.

Na farko aka mayar da shi fomular VLOOKUP, wadda kowane zubi na kowace manhaja ya sani, da ɗan tebur da ya fara daga ƙasa: 0 F9, 40 E8, 45 D7, 50 C6, 55 C5, 60 C4, 65 B3, 70 B2, 75 A1. Dole tebur ɗin ya hau daga ƙarami zuwa babba kuma gurbin ƙarshe na fomular ya zama 1, in ba haka ba mai maki 62 ba zai samu C4 ba. Na biyu fomula guda ta ɗauke shi: =A2&IF(AND(MOD(A2;100)>=11;MOD(A2;100)<=13);"th";CHOOSE(MIN(MOD(A2;10);4)+1;"th";"st";"nd";"rd";"th")). Sharaɗin 11 zuwa 13 shi ke hana na sha ɗaya ya fito 11st.

Na uku aka yi shi da haɗa takardar Writer, takwaran Word a LibreOffice, da jerin Calc. Aka buɗe sabon shafi a fayil ɗin, layi ɗaya ga kowane ɗalibi, layin farko sunayen ginshiƙai, babu gidajen da aka haɗe. A Writer aka zana katin da tebur, aka haɗa fayil ɗin ta Edit, Exchange Database, aka buɗe jerin da Ctrl+Shift+F4, aka jawo kan kowane ginshiƙi zuwa gurbinsa. In an danna bugawa Writer yana tambaya ko a cika katin da jerin, sai a amsa, ya fitar da aji guda a fayil ɗaya.

Ba a yarda da shi kai tsaye ba. Aji ɗaya mai ɗalibai 38 aka fitar masa da sakamakon gwajin tsakiyar zango ta hanya biyu, tsohuwa da sabuwa, aka gwama kati da kati. Jimla da matsayi sun yi daidai a duka 38. Matsakaicin maki ya fito da dogon wutsiya, kamar 67.3333333. Ɗalibai biyu da aka rubuta wa ABS don ba su zauna ba, gurbinsu bai nuna ABS ba, domin Writer ya ɗauki ginshiƙin na lambobi ne zalla bisa abin da ya gani a sama. Gyara ɗaya ya warware duka biyun: aka naɗe kowane gida na shafin da fomular TEXT, ya zama rubutu mai lamba ɗaya bayan ɗigo. Sau ɗaya kuma haɗin ya yanke da aka canja wa fayil ɗin mazauni, daga nan aka tsayar masa da wuri ɗaya, ana canja abin ciki duk zango ba a taɓa sunansa.

A Yuli katunan aji 15 duk ta wannan hanya suka fita.

Satumba zuwa Disamba 2025: inda aka tsaya

Kwamfuta 13 na kan LibreOffice. Guda ɗaya, ta ofishin jarrabawa, an saya mata Office Home & Business 2024 na gaskiya, saboda fom ɗin Excel masu kulle da makiro da ke zuwa daga hukumomi, waɗanda makaranta ba ta da ikon canja su. Kuɗin manhaja ya tsaya a dala 249.99 maimakon kusan 3,500. Malamin kwamfuta ya kashe hutunsa na mako uku, an kuma yi wa ma'aikata zama huɗu na awa biyu-biyu. Ba a sake kulle takarda ba, kariyar Windows na kunne a duka. Tsofaffin takardun shaidar kammalawa na Publisher suna buɗewa a Draw, manhajar zane ta LibreOffice, an sake zana biyu daga ciki. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Office 2016 da 2019, abin bai shafi makarantar ba don ta riga ta sauka daga kansu.

Abu uku ba su warware ba. A wannan ranar Windows 10 ma tallafinsa ya ƙare, kuma sauya Office bai taɓa wannan ba. Kwamfutoci biyu masu Windows 7 ba za su wuce zubin 25.2 ba, domin 25.8 ya daina aiki a kansa. Littattafan darasin kwamfuta kuma hotunan Word da Excel ne a ciki, ɗalibi yana karanta suna ɗaya a littafi yana ganin wani a allo.

Hukunci

Wata uku na farko sun tafi a banza domin an yi ta tambayar wace manhaja ce ta fi kama da Office, alhali abin da ya kamata a fara sani shi ne me ke cikin fayilolin makarantar. Da aka ƙirga sai ga shi fayil ɗaya cikin 1,100 ne ya riƙe kowa, kuma yawancin takardun da suka karkace dama can a karkace aka gina su. Manhajojin burauza ba su da aibi a inda intanet ke tsaye, nan ne ba su dace ba. Sayen lasisi ɗaya daidai ne, domin makaranta ba za ta yi caca da fom ɗin rajistar ɗalibanta ba. Kuskuren da ya fi tsada shi ne na Maris, inda aka yanke wa LibreOffice hukunci da tsohon zubi daga filashin wani, ba tare da an sake lissafi ba. Ya kusa sa malamai su rufe ƙofar gaba ɗaya.

Batun littafi shi ne wanda ya fi damuwa, don ɗalibi ne ke ɗaukar nauyinsa. Abin da ake yi yanzu shi ne malamin kwamfuta ya buga takarda mai ginshiƙi biyu, sunan umarni a Word da takwaransa a Writer, an manna ta gefen kowane allo, kuma 'yan ajin ƙarshe suna zuwa ofishin jarrabawa biyar-biyar ranar Alhamis su taɓa Word da Excel da hannunsu. Kwamfuta ɗaya ta yi musu kaɗan. In za a ƙara lasisi na biyu, ɗakin ɗalibai ya kamata ya tafi kafin ofishin firinsifal.